Barkar da Na Je Sardiniya

Tun da Allah ya halicce ni ban taɓa shiga garin da bakina ya kasa buɗe mani ƙofa ba. Ba alfahari ba ne, shaidu suna nan da ransu. Shekara da shekaru ina sayar da maganin dabbobi a kasuwar Batsari, na yi ciniki da Bafillacen da bai jin Hausa, na yi da Buzu, na yi da Bayarabe mai kawo mana kaya daga Ikko, kowa ya tafi yana dariya. Sirrin guda ne, gaisuwa. In ka iya gaisuwa, ko a duniyar wata aka sauke ka sai an shimfiɗa maka tabarma. Haka na gaya wa 'yan majalisarmu ta bakin shago ranar da bizata ta fito. Su ɗin ne kuma suka hana ni sakat tun da na dawo: Malam Idi yaya jirgi, Malam Idi da gaske tumaki ake tatsa? Na gaji da maimaitawa, ga Ɗahiru tela yana cewa wai duk maimaitawa sai jirgin ya ƙara girma. Shi ya sa na rubuta, girman jirgi ya tsaya wuri guda, kowa ya huta.

Ga dalilin tafiyar. Ƙanena Sanusi, autan Inna, ya bar ƙauyenmu Wagini shekaru sun haura goma, shi da amininsa Lawal, ɗan maƙwabciyarmu Gwaggo Asabe. Suka bi ta Agadas, suka faɗa Libiya, suka shiga teku. Sanusi ya fita, Lawal bai fita ba. Jirgin ceto ya sauke Sanusi a Sardiniya, wani babban tsibiri na ƙasar Italiya a tsakiyar Bahar Rum. Da yake tun yana yaro kiwo ya sani, ya samu aiki wurin wani tsoho mai tumaki, daga baya har ya auri ɗiyar tsohon, sunanta Mariya, suna kamar a Safana aka raɗa shi. Yana kira, yana aike, takardunsa sun daɗe da kammala, amma zuwa gida ya gagara. Kowace shekara maganarsa ɗaya, sai baɗi. Idon Inna kuwa sai ƙara dishewa yake yi.

Ana nan Mariya ta haihu, mace, aka sa mata sunan Inna, shi ya sa muke ce mata Ummi. Sanusi ya aiko takardar gayyata ta mutum ɗaya. Kowa ya san barka ta mata ce, amma Inna ko Batsari ba ta iya zuwa a babur, matata Hajara kuma ta ce ba ta shiga abin da ba ya tsayawa a sha ruwa. Sai abin ya faɗo kaina. Neman biza ya ja mu wata da watanni, har jaririyar da zan je wa barka ta yi haƙora ta fara rarrafe. Ɗahiru ya ce in ƙara ɗan haƙuri in haɗa da kai gudummawar aurenta.

Ana gobe zan tafi Inna ta kira ni. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba.

"Kai wannan," ta ce, "ba yawo na aike ka ba. Hoton cikin waya ya ishe ni, ba abin da nake gani ciki sai haske. Ka taho mani da Auta, in taɓa kanshi da hannuna."

"Inna, ki ɗauka ya zo. Bakin nan nawa..."

"Bakin nake tsoro."

Da safe mata suka yi ta kawo kayan barka, sabulu, kuka, yaji, daddawa, 'yan riguna. 'Yan majalisa suka haɗa mani kilishi mai faɗin tabarma. Har mai babur ya tayar, sai ga Gwaggo Asabe tana dogara sanda, da wata baƙar leda. Ciki wani tsohon majanyi ne na saƙi, irin wanda ake ɗaure goyo da shi, ya koɗe har ba ka gane kalarsa ta asali. Ta kama hannun rigata ta yi mani magana a hankali. Na ji ta sarai, na ce to Gwaggo, in sha Allahu. Amma lokacin ina tsakiyar sallama da rabin gari. A raina ma na ce wa zai kai tsumma Turai? Sai na ga zai yi amfani, na naɗe daddawa da shi don ya danne wari, na tura can ƙasan jaka.

Babur ya kai ni Batsari, ni a baya, jaka a kan tanki, mai babur yana leƙen hanya ta gefenta. Muka kama motar Katsina da hantsi, don kun san yadda hanyoyinmu suke yanzu, ba mai son yamma ta riske shi. Daga Katsina sai Kano, na kwana gidan wani ɗan kawuna, wanda ya koya mani duk abin da ake yi a jirgi ko da yake shi ma bai taɓa shiga ba.

Jirgin, tsakani da Allah, kasuwar Batsari za ta shiga cikinsa har da 'yan tumaki. Ɗahiru, a nan na tsaya, ba ƙari. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar Kano mai zuwa sarin kaya Alƙahira. Da abin ya fara gudu ya ɗaga kai sama, na kama hannun kujera ina karanto duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Na waiwaya in ƙarfafa wa Hajiya gwiwa, na tarar tana barci baki buɗe. Da ta farka ta dube ni ta ce, "Malam, saki hannun kujerar, ba kai ke riƙe da jirgin ba." Abinci kuwa an kawo shi cikin 'yan kwanoni kamar na wasan yara. Na cinye nawa, na cinye na Hajiya, na zauna jiran a kawo na gaske, aka zo aka kwashe kwanonin. Makewayin ba zan ce komai a kansa ba, sai dai in kun danna abin nan, ku riƙe hularku.

A Alƙahira muka canza jirgi. Na ce bari in gwada Larabcina, na tare wani ma'aikaci na zuba masa na makarantar allo, ina tambayar ƙofar jirgin Roma. Ya saurare ni da ladabi, ya kama hannuna ya kai ni masallaci. Hajiya ce ta ceto ni.

A Roma ake duba fasfo kafin a shiga jirgin tsibirin. Na isa gaban wani jami'i matashi cikin ɗakin gilashi, na gaishe shi, na tambayi gajiyarsa da iyalinsa da Turanci, ya miƙo hannu kawai. Ya duba biza, ya dube ni, ya ce me ya kawo ni? Na buɗe baki, sai na tarar Turanci ba shi da kalmar. Na laluba, babu. Ziyara ba ita ba ce, suna kuma an daɗe da yi. Sai na faɗi gaskiya.

"Barka," na ce.

Ya ɗago kai. "Barka?"

"Barka!" Har na ji daɗi, ashe sun san ta.

Ya haɗa tafin hannuwansa biyu yana lilo da su, hagu, dama. Na ce madalla, yaron nan yana da basira, jijjiga jariri yake nufi. Na gyaɗa kai da ƙarfi, ni ma na yi lilon. Ya ce babba ko ƙarami? Na gwada masa da hannu, ɗan ƙarami, amma yana girma. Ya ce mutum nawa? Na ce ai barka ta kowa ce, duk Wagini sun so zuwa, maza da mata, ni ne na fara isowa.

Ya ajiye hatiminsa a hankali, ya kira wani, wanin ya kira wata. Aka kai ni wani ɗaki aka ba ni kujera da ruwa, ba tsawa ba wulaƙanci, sai dai kowa ya leƙo ya ce barka, in amsa masa da barka kadai. Daga ƙarshe matar ta ɗauki takardar gayyata ta kira lambar Sanusi. Suka yi ta yarensu, na ga ta dafe baki, ta juya ta gaya wa sauran, ɗakin ya kece da dariya. Ta miƙo mani wayar.

"Yaya," in ji Sanusi, "a nan barka jirgin ruwa ne. Kwalekwale. Ka gaya masu kana da ƙarami, kuma duk garinmu na tafe cikinshi."

Na yi dariya har da hawaye. Sai da na gama na lura shi bai yi ba.

"Ka daina faɗin kalmar nan, Yaya," ya ce, ya kashe.

Jami'in ya buga mani hatimi yana jijjiga jaririn iska, muka rabu abokai. Kun ga ko a nan bakina bai kunyata ni duka ba.

Jirgin Kaliyari, babban birnin tsibirin, ƙarami ne, aka ba ni bakin taga. Da na leƙa, ruwa. Gaba ruwa, baya ruwa, har inda ido ya ƙare. Ni da babban ruwan da na sani shi ne rafin bayan gari in ya kawo da damina, na ja labulen tagar na ce ba ni da abin gani. Muna sauka wani kare mai aikin gwamnati ya nufo jakata kai tsaye ya zauna. Kilishin 'yan majalisa ya tafi, wai ba a shiga da nama. Daddawa kuwa jami'in ya kwance majanyin ya sansana, ya ja da baya, ya mayar mani da hannu biyu.

Sanusi na tsaye a waje. Yaron da ya tafi ko gemu babu, ga furfura a haɓarsa. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, na ɗago shi, muka kasa magana, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Ina cikin share ido sai wata farar mace ta rungume ni, ta sumbace ni kunci hagu, kunci dama. Matar ƙanena! Ni yayan miji, wanda a gida ko ido ba za ta haɗa da ni ba! Na sandare kamar turken awaki. Ban gama farfaɗowa ba wani gajeren tsoho mai gashin baki, surukin Sanusi, shi ma ya yi mani irin nata. Sunansa Efisiyo, na mai da shi Baba Fisiyo. Ummi ce kaɗai ta yi mani tarba irin ta gida, ta dube ni ta fashe da kuka.

Garinsu ƙauye ne a kan tudu, gidajen dutse, lunguna ƙanana, ba nisa da teku sosai amma ba a hango ta. Aka ba ni ɗaki a sama mai gado mai laushi, in ka kwanta sai an taimaka maka ka tashi. Na zazzage kayan barka gaba ɗaya a tsakar ɗaki, ina ba da labarin Roma, ban tsaya cewa wannan na wance ne, wannan na wance ba. Mariya ta tsallake sababbin riguna da sabulai, ta ɗauki tsohon majanyin nan tana shafawa. Ta wanke shi sau ba adadi kafin daddawa ta sake shi. Sanusi ya nuna mata yadda ake goyo, daga ranar kullum Ummi na bayanta, matan ƙauyen suna tsayawa kallo.

To, Ɗahiru, da gaske ne, tumaki ake tatsa. Da asuba Sanusi da Baba Fisiyo ke shiga garke, tunkiya bayan tunkiya, kowace da ƙararrawa a wuya, su tatse su tas. Da nonon ake cuku, ƙato kamar dutsen niƙa, a ajiye shi ya shekara, in ya fara warin da a gida za a zubar, lokacin ne suke cewa ya yi. Saboda haka ba wanda ya isa ya raina mani daddawa a gidan nan. Burodinsu siriri ne kamar takarda, kana ci yana ƙara. Taliya kuwa na je garinta, akwai doguwa, akwai gajera, akwai wata ƙanana kamar wasa-wasa. Mariya ta ware mana tukwanenmu daban saboda abin nan da ba mu ci. Kofi ake ba ka a ɗan kofin da bai fi murfin kwalbar maganin tsutsa ba, amma in ka sha sai ka ji kana iya nome gonar gandu kai kaɗai. Da rana ta take kowa ya rufe shago ya tafi barci, har mai sayar da magani. Na ce wannan al'ada in da hali a kawo ta Batsari.

Abin da ya fi ɗaure mani kai gaisuwarsu. Kalma ɗaya ce, cawo. Da ita ake zuwa, da ita ake tafiya. Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba yaya iyali, ba yaya ruwa. Tsofaffinsu suna da majalisa a dandali kamar tamu, da huluna, amma sai su wuni ba a yi maganar da ta kai ta Ɗahiru ta minti biyar ba. Na ga Baba Fisiyo mutumin kirki ne, bai kamata ya ƙare rayuwarsa da cawo ba, na ɗaura niyyar koya masa. Gargaɗin da Sanusi ya yi mani kan kalmar barka kuwa, harshen da ya shekara hamsin yana abu ba ya bari don an canza masa ƙasa. Da safe in ce masa barka da asuba. In na same shi a garke, barka da aiki. Da azahar barka da rana, in ya dawo barka da dawowa. Shi kuwa ya dube ni da tausayi, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Barka, barka, si," wato e da yarensu. Na ce dattijo yana kamawa.

Aikin da aka aiko ni kuwa ya ƙi gaba. Na bi Sanusi garke na kawo maganar Inna, ya ce tumaki na haihuwa. Na kawo ta a kan abinci, ya ce Ummi ta yi ƙanƙanta. Na yi masa wa'azi, na yi barkwanci, na kwaikwayi muryar Inna har Mariya da ba ta jin Hausa ta yi dariya. Shi dai, "In sha Allahu baɗi, Yaya." Kwanakina suka fara ƙarewa, na fara tunanin da wace fuska zan shiga ɗakin Inna.

Ranar wata Lahadi Baba Fisiyo ya sa mu a mota duka, yana murmushi, ya ƙi faɗin inda za mu. Muka gangara daga tudu, muka sha kwana, sai ga teku shimfiɗe, ga ƙananan jiragen masunta a ɗaure. Wani ɗan'uwansa na tsaye cikin ɗaya yana ɗaga mana hannu. Baba Fisiyo ya buɗe hannuwa kamar mai ba da kyautar doki, ya ce, "Idi! Barka!"

Ashe tsohon nan tausayina yake ji. Baƙo ya zo daga ƙasar da ba teku, safe da rana da yamma ba abin da yake roƙo sai jirgin ruwa.

Mariya ta hau uban da faɗa da yarensu, tana nuna mijinta. A nan na gane cewa tun ranar da aka tsamo Sanusi bai ƙara zuwa bakin ruwa ba. Ya tsaya jikin mota, ya juya wa tekun baya.

"Je ka, Yaya, kar tsohon ya ji kunya," ya ce. "Ina nan."

Ni kuwa tun a teburin abinci na riga na gaya masu cewa a gida ni ke fiton mutane in rafi ya kawo. Ba hanyar ja da baya. Na tattare babbar riga, na yi bisimilla, na sa ƙafa. Ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina. Na zube a kan wani katako na rungume shi, na rufe ido. Igiyar ruwa ta ɗaga mu sama kamar dutsen bayan Batsari, ta sake mu. Na yi kalmar shahada, na yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mani, har Ɗahiru. Na ɗaga murya na ce, "Sanusi! Ka ce masu mu koma! Mun yi nisa!"

Sai na ji dariya kusa da kunnena, irin wadda na sani tun yana yaro, wadda ban ji ba tun zuwana.

"Yaya, buɗe idonka. Ba a kwance igiyar ba."

Na buɗe. Jirgin na ɗaure a inda yake, Mariya na tsaye taku biyu daga gare ni da Ummi a baya. Sanusi kuwa yana cikin jirgin, riƙe da hannuna. Ihuna ya sa ya rugo bai tsaya tunani ba. Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi ruwan, dariyar ta tsaya. Na ɗauka zai fita da gudu, sai ya zauna kusa da ni a hankali. Baba Fisiyo ya yi wa ɗan'uwansa alama, suka koma can gefe suna gyaran raga, ba wanda ya taɓa igiyar.

Jirgin na ɗan lilo.

"Namu bai kai wannan ƙwari ba," in ji Sanusi. "Lawal na nan, kamar inda kake. Ni na ce mashi mu tafi, Yaya. Shi gona yake so. Ni na yi ta binshi har ya yarda."

"Kwana ne ya ƙare, Sanusi."

"Na sani. Amma ƙofarmu da tasu suna kallon juna. In na zo, ta ina zan shiga? In wuce Gwaggo Asabe da ƙibata, da matata, da ɗiyata, ita ko kabarin da za ta nuna ba ta da shi? Kullum na ce baɗi, fuskarta nake gani."

Yana maganar yana kallon Ummi a bayan uwarta, ni ma na bi idonsa. Sai na ga majanyin. Wallahi sai da na ji kamar an kwaɗa mani mari.

"Kai, majanyin can, ka san na wane ne?"

"Ba Inna ta aiko ba?"

"Gwaggo Asabe ce. Da ƙafarta ta kawo, har babur ya tashi."

Ya juyo gaba ɗaya. Na gaya masa abin da ta ce, yadda ta faɗe shi, ban ƙara ko gishiri ba, kuma a rayuwata ban cika yin haka ba. Ta ce, ka ce wa Sanusi ina barka. Ka ce mashi da wannan na goyi Lawal, shi ma na sha goya shi da shi in uwarshi ta tafi rijiya. A goya mani jikata. Ka ce kuma ni ban da sauran wanda zai zauna ya ba ni labarin ɗana sai shi, ya zo tun ina ji.

Sanusi ya sa fuska cikin tafin hannu. Na bar shi. Da ya ɗago idonsa jawur, ya ce, "Yaya, tun yaushe kake ɗauke da wannan maganar?"

"Tun Wagini."

"Ka ba ni labarin Roma ya fi sau goma."

"Ai shi ya fi daɗin faɗi."

Ya girgiza kai, ya kira Mariya ya gaya mata da yarensu. Ta kai hannu baya ta shafa majanyin, ta fara hawaye. Baba Fisiyo ya matso yana tambaya, halan baƙo bai ji daɗin barkar ba? Sanusi ya yi masa bayanin kalmar tun daga tushe. Tsohon ya zauna a kan raga ya yi dariya har da tari. Washegari da asuba ya ƙwanƙwasa mani ƙofa ya ce, "Barka da asuba, Idi," ya jira in amsa. Shi kuma ya ce zai riƙe garken, Sanusi ya je ya ga tsohuwarsa, Mariya da Ummi sa biyo baya in an gama takardun yarinya.

Tare muka dawo. Ta Roma, ta Alƙahira, ta Kano, duk inda za a yi magana sai ya ce, "Yaya, bari ni." Babura biyu suka shigo da mu Wagini da la'asar. Inna na zaune bakin ɗakinta. Ya durƙusa gabanta, ta laluba ta cire masa hula, ta dafa kansa da hannu biyu, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ta shafo har haɓa.

"Furfura, Auta?" ta ce. Daga nan ta mayar masa da hularsa. "Tashi ka je ka gaida Asabe. Ni ina nan."

Ya tsallaka. Bai fito ba sai da aka kira magariba, me suka ce kuwa ban sani ba, karo na farko da aka yi zance a unguwarmu ba ni ciki.

Bayan an ci tuwo gida ya cika, 'yan majalisa har sun iso daga Batsari suna tambayar kilishinsu. Na gyara zama na ce wa Inna, to, me na gaya maki? Bakin da kike tsoro, ga shi ya ƙetare teku ya ɗauko maki ɗa. Inna ba ta kula ni ba, ta juya wajen Sanusi.

"Auta, da gaske maganar wannan ce ta kawo ka?"

"A'a Inna, rakiya na yi," ya ce. "In na bar Yaya ya taho shi kaɗai, da yanzu yana can filin jirgin Roma yana gaida mutane."